Firintar gida ta tsufa: Ta tawada za a saya ko ta leza?

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa a layin shagon buga takardu ana gobe za a karɓi aikin jinga ya san abin da ke sa mutum ya fara burin ganin firinta a gida. Ga layi, ga mai shago yana jiran a sayo fetur, ga filashin da ka miƙa ya dawo maka da birus. A gidaje da dama kuwa firintar tana nan, tsufa ne kawai ya kama ta. Wata Baba ne ya saya tun yana aiki, wata ta Yaya ce da ya yi kundin digirinsa da ita ya bar wa ƙanne.

Tamu ta haura shekara goma, kuma ta tawada ce. A 'yan watannin nan ta koma fitar da rubutu da fararen layuka a tsakiya kamar an bi shi da reza, tana kuma haɗiye takarda biyu ko uku a tare. Mai gyara ya duba ya ce kan da ke fesa tawadar ne ya toshe, kuma kuɗin sabon kai ya kusa sayen wata firintar. Mu biyu ne a jami'a a gidan, ɗaya na shirin shiga ajin ƙarshe, ga ƙanne masu jiran JAMB da NECO, kowa da silif ɗin da zai fitar. Sai Baba ya ce ba zai ba da ko sisi ba sai mun bincika mun kawo masa hujja, don kada a yi tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Da mutum ya shiga shago, abin da yake fara tambaya shi ne farashi. Bayan mun zaga kasuwa mun kuma zauna da masu gyara, sai muka ga farashin da ke jikin kwali shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a lissafin. Abin da ke yanke hukunci shi ne shafi nawa gidanku ke bugawa, kwana nawa na'urar za ta yi a ajiye ba a taɓa ta ba, da kuma irin wutar da za ku jona mata.

Ta tawada, kamar yadda sunanta ya nuna, ruwa take fesawa. Akwai wani kai da ke kai-komo a kan takarda, a jikinsa akwai ɗaruruwan hudoji da suka fi silin gashi siranta, ta nan ɗigon tawada ke fita. Kamfanonin HP da Canon suna amfani da zafi ne wajen tunkuɗo ɗigon, Epson kuwa da wani ɗan ƙanƙanin abu da ke motsi idan wuta ta ratsa shi. Ta leza ba ta da ruwa ko kaɗan. Abin da ke cikinta gari ne mai laushi kamar hoda, wanda ake kira tona, kuma akasarinsa roba ce da launi. Hasken leza yana zana rubutun a jikin wani abu mai juyawa da ake kira duram, garin ya manne a inda aka zana, ya koma kan takarda, sannan takardar ta ratsa tsakanin rola mai zafin da ya kusa digiri 200, robar ta narke ta kama. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Dabarar ta samo asali ne daga fotokwafi, wanda Chester Carlson ya ƙirƙira a Amurka a 1938, sai wani injiniyan kamfanin Xerox mai suna Gary Starkweather ya haɗa ta da hasken leza a farkon shekarun 1970. A 1984 HP ya fitar da LaserJet ta farko a kan kusan Dala 3,500, kuma a shekarar ce ya fitar da ƙaramar ta tawada mai suna ThinkJet. Tun daga lokacin ake wannan gardama.

Lissafin shafi ɗaya

Firintar da ta fi kowace araha a shago ita ce ƙaramar ta tawada mai katirij biyu, baƙi da mai launi. Tana da kyan gani, tana fotokwafi, tana sikanin, kuma ita ce ke fara jan hankalin ɗalibi. Amma Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Kamfanonin ba a jikin na'urar suke cin riba ba, a tawada suke ci, kamar a sayar maka da tocila a kan kuɗi kaɗan alhali ba ta karɓar batirin kowa sai na mai ita.

Ga alƙaluman da su kamfanonin suka rubuta da kansu. Ƙaramin baƙin katirij irin HP 123 an ƙiyasta zai buga shafi kusan 120. Katirij ɗin tona na 85A, wanda ke shiga ƙaramar LaserJet P1102 da ta cika ofisoshi da shagunanmu, shafi 1,600 ne. Kwalba ɗaya ta baƙar tawadar Epson 103, wadda ake ɗurawa a firinta mai tanki, shafi 4,500 ne. Sai dai a lura, da shafukan gwaji marasa cikar rubutu aka auna waɗannan. A ma'aunin leza, garin kan rufe kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na shafin. Idan hando ɗinka cike yake da zane da tebur da hoto, abin da za ka samu zai gaza haka.

Mu ɗauki kundin kammala digiri. A ce shafi 80 ne, sashe ya buƙaci kwafi huɗu, shafi 320 ke nan. Kafin a kai nan, a ce malamin da ke duba aikin ya dawo da shi sau uku da jan biro, kowane karo a sake bugawa, ƙarin 240. Jimla 560, ya haura rim guda na takarda mai 500. Da ƙaramin katirij sai ka sayi biyar kafin ka gama. Da tona, kusan kashi ɗaya cikin uku na katirij guda za ka ci. Da mai tanki kuwa kashi ɗaya cikin takwas na kwalba. Ba mu sa farashi a nan ba saboda tun da aka saki Naira a tsakiyar 2023 farashin kayan waje ba ya zama wuri ɗaya. Amma lissafin mai sauƙi ne: ka tambayi kuɗin katirij ko kwalba a yau, ka raba da yawan shafukan da aka rubuta a jikin kwalinsa, ka ƙara kuɗin takarda ɗaya, sai ka kwatanta da abin da shagon bakin makaranta ke karɓa a kan shafi. Da muka yi wa ƙaramar mai katirij wannan lissafi, sai muka ga zuwa shago ya fi ta sauƙi. Wato ka sayi na'ura da kuɗinka don ka riƙa buga takarda da tsada.

Akwai wasu abubuwa biyu da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Katirij ɗin da ke zuwa cikin sabuwar firinta sau da yawa na somin-taɓi ne, ba a cika shi ba. Sannan a katirij mai launi uku a haɗe, idan ruwan ɗorawa ya ƙare dole ka canja duka ko da sauran biyun na nan, wasu na'urorin ma sukan ƙi buga baƙin rubutu sai an canja.

Inda yanayinmu ya shigo

Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori suna hasashen ɗaki mai sanyi da tsayayyiyar wuta. Littafin da ke zuwa da akasarinsu ya nuna kada zafin wurin aiki ya wuce digiri 35, wasu ma ƙasa da haka. A Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa, watan Afirilu kan haura digiri 40, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kuma ya fi waje. Ga hunturu da busasshiyar iska da ƙurar da ke shiga ko'ina. Tawada ruwa ce, kuma ruwan da ke bakin huda mai sirantar gashi ba ya jimawa bai bushe ba. Muddin ana bugawa a kai a kai babu matsala, domin sabuwa na tunkuɗe tsohuwa. Matsalar tana zuwa ne idan an ajiye. Ka tafi makaranta wata uku, babu mai taɓa ta a gida, ka dawo hutu ka kunna, sai layuka. Ka danna wankin kai, ta zuƙe tawada mai yawa ta zubar a wani soso da ke cikinta, ka sake dannawa, kafin rubutu ya daidaita rabin katirij ya tafi ba ka buga komai ba. Wanda ya bar irinta a ɗakinsa na makaranta a yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, abu ne mai wuya ya dawo ya same ta lafiya.

Tona ba ta da wannan ciwo, domin dama a bushe take. Leza za ta iya shafe watanni a rufe, ka kunna ta fitar da shafin farko tsaf. Rubutunta kuma ba ya zuba idan ruwa ya taɓa shi, wanda duk ɗalibin da ruwan Agusta ya taɓa kamawa da fayil a hannu zai gane amfaninsa. Tawadar launi ta yawancin firintocin gida kuwa ɗigon gumi ma kan ɓata ta.

Da a nan maganar ta tsaya da mun ce kowa ya sayi leza a huta. To amma ita ma tana da nata ciwon, kuma ya faɗo daidai kan abin da ya fi damunmu, wato wuta. Rolar nan mai narka gari tamkar dutsen guga ce a cikin na'urar. Ƙaramar leza kan ja wat 300 zuwa 600 idan tana aiki, a daƙiƙun farko da take ɗaukar zafi kuma takan zarce haka sosai. Ta tawada kuwa wat 10 zuwa 20 ya ishe ta, kamar ƙwan fitila ɗaya ko biyu. Ba kuɗin wuta ne abin tsoro ba. Leza mai fitar da shafi 18 a minti za ta gama shafi 560 ɗin nan cikin kusan rabin awa, bai kai rabin yunit na mita ba. Abin tsoron shi ne fizgar farko. Ƙaramin janareton nan da ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, idan ga fanka da talabijin a kai, da ka tura aiki za ka ji ya canja murya, fitilu su dushe, wani lokaci ya mutu. Ƙaramar inbata ta sola takan yi ƙara ta yanke. Masu ƙera UPS ma suna gargaɗin kada a jona masa leza. Idan kuma wutar NEPA ta zo da rauni, rolar ba ta yin zafin da ya kamata, sai na'urar ta ƙi tashi ko rubutun ya riƙa gogewa da yatsa.

Saboda haka gidan da ya dogara kacokan da ƙaramar sola, kamar yadda gidaje da yawa suka koma tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗauko leza. A irin wannan gida ne mai tanki ke da ranarta.

Ita mai tanki ta tawada ce, amma maimakon katirij tana da 'yan tankuna huɗu a gefe da ake ɗura wa tawada daga kwalba. Masu gyara ne suka fara wannan dabara, suna jona wa firinta tankuna ta waje da siraran tiyo, kuma har yanzu akan ga irin wannan haɗi a shagunan hoto. Da kamfanoni suka ga abin ya karɓu sai suka rungume shi. Epson ya fara fitar da tasa a Indunusiya a 2010, daga baya Canon da HP da Brother suka biyo. Kuɗin sayenta ya ninka na mai katirij, amma a kan kowane shafi babu mai arharta, kuma tana ba da launi mai kyau. 'Yar uwar da ke sana'ar kek ko turaren wuta tana buƙatar sitika, ɗan uwan da ke zanen katin biki ko buga hoton fasfo, ɗalibin zanen gine-gine ko labarin ƙasa da taswira ba ta rabuwa da shi, duk wannan ce tasu. Sharaɗinta shi ne kada a bar ta ta yi barci. Ko ba ka da aiki, ka buga shafi ɗaya mai launi duk mako. Ka kashe ta ta maɓallinta ba ta soket ba, domin sai ta haka kan ke komawa mazauninsa ya rufe bakinsa. Idan an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, da an dawo da ita ka kunna ta ta daidaita. Sannan ka sani sosonta na zubar da tawada yana cika wata rana, na'urar ta tsaya sai an canja shi.

Leza mai launi ba mu daɗe a kanta ba. Katirij huɗu take ci, tana da nauyi, ta fi jan wuta, kuma hotonta bai kai na tawada ba. Ta ofis ce.

Da muka koma gaban Baba, abin da muka kai masa shi ne ƙaramar leza mai baƙi kawai. Kusan duk abin da muke bugawa rubutu ne, na'urar takan yi makonni ba a taɓa ta ba, kuma unguwarmu na samun wuta na wasu awanni yawancin dare. Mun amince ba za a jona ta a inbata ba, abin da ke buƙatar launi kuma, wanda bai wuce 'yan shafuka a zango ba, a kai shago. Da gidanmu shafi goma ko ashirin yake bugawa a wata, da shawararmu ita ce kada a sayi komai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sabuwa ko ta hannu?

Yawancin ɗalibai ba sabuwa za su iya saya ba, kuma a ɓangaren leza wannan ba abin kunya ba ne. Tsofaffin da ake shigowa da su daga ofisoshin Turai suna da ƙarko, kayan gyaransu kuma sun wadata daga Computer Village da ke Ikeja har zuwa Beirut Road a Kano. Ta tawada ta hannu ce ba mu ba kowa shawara ba, domin ba ka san wata nawa ta yi a kwantena tana bushewa ba.

Abu na farko da za ka duba shi ne takardar da ke manne a bayanta. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ce. Wadda aka ƙera don Amurka kuwa 110 zuwa 127 take ɗauka, kuma leza ba kamar cajar laftof ba ce da ke karɓar kowace. Ka jona ta kai tsaye, ta ƙone nan take. Wasu masu sayarwa sukan sauya mata kayan wuta, wasu su haɗa ka da taransifoma, amma gara ka nemi wadda dama ta 220 ce. Bayan haka ka sa a fitar maka da shafin bayanan na'urar, wanda ke nuna jimlar shafukan da ta buga tun da aka ƙera ta, kamar yadda ake duba tafiyar mota. Ka sa a buga shafi goma a jere a gabanka, ba ɗaya ba, don ka ga ko tana cin takarda. Ɗigo ko tabon da ke maimaita kansa a tazara ɗaya daga sama zuwa ƙasa yawanci alamar duram ce ta ji rauni. Rubutun da ke gogewa kuwa rolar zafi ce ta gaji, kuma gyaranta ya fi tsada. Ka je da laftof ɗinka a jona a gani, domin wasu tsofaffin ba su da direban da ke aiki da Windows 11. Idan kuma waya ce kwamfutarka, kamar yawancinmu, ka nemi mai Wi-Fi, in ba haka ba kullum sai ka roƙi laftof ɗin Yaya.

Maganar cika katirij ita ce ta ƙarshe da muka tsaya a kai, domin a nan ne arhar leza take a ƙasar nan. Kusan babu ɗalibin da ke sayen katirij na asali duk lokacin da gari ya ƙare. Ana kai wa mai cikawa ne, kuma katirij ɗaya kan ɗauki ciko sau da dama kafin duram ɗinsa ya nemi canji. Tsofaffin samfura ba su damu da wannan ba. Wasu sababbin kuwa suna da ɗan cif a jikin katirij, kuma idan na'urar ta sabunta manhajarta ta intanet tana iya ƙin karɓar wanda ba na kamfanin ba. Idan za ka cika da kanka, ka yi a waje, ka rufe hanci, kada ka bar duram a rana domin haske na lalata shi, garin da ya zuba a riga kuma da ruwan sanyi ake wanke shi, na zafi narkar da shi zai yi ya kama. Ka yi wa na'urar murfi na atamfa saboda ƙura da kyankyasai masu son ɗumi, rim ɗin takarda kuma ya zauna a ledarsa da damina, domin takarda mai laima ce ke yawan maƙalewa.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka buɗe na'urar ka rubuta lambar katirij ɗin a wayarka, ka fita ka tambayi shaguna uku da ba su da alaƙa da mai sayar maka ko suna da shi da kuma nawa suke cikawa. Idan biyu daga cikinsu suka ce sai an yi oda daga Legas, ka koma ka nemi wani samfurin.